Ƙwanƙwasa Biyu a Ƙofa

Tambaya ta uku ce ta tsayar da ni. Likitar da ta kira ta riga ta faɗa mini sakamakon gwajin, cewa na kamu da korona, ta ɗan yi shiru don in haɗiye shi, sannan ta ce akwai abin da za ta tambaye ni kafin a san inda zan kwana. Ta farko: ina da ɗakin da zan zauna ni kaɗai, mai taga? Na ce akwai. Ta biyu: banɗaki fa, nawa ne ni kaɗai? Na ce, to, akwai dai banɗaki. Ba ta matsa ba, amma na jiyo motsin biro a kan takarda. Ta uku: a gidan akwai wanda ya haura shekara 60, ko mai ciwon suga, ko hawan jini, ko mai juna biyu?

A daidai lokacin Inna tana falo, ina jiyo muryarta tana yi wa 'yata Hanifa faɗa a kan takalmi. Shekarunta 71, suga da hawan jini duk tana fama da su.

"Malam, kana ji na?"

"Ina ji, Likita. Akwai mahaifiyata."

A farkon 2021 ke nan, kwanana biyar da fara jin jikina. Ranar farko zazzaɓi ne da ciwon gaɓoɓi, na ce mura ce, na sha farasitamol na tafi aiki. Washegari ma haka. A rana ta uku ina wanka na kai sabulu hanci na ji wayam. Na fito na buɗe kwalbar turare, na shaƙa har hancina ya taɓa bakinta, kamar ruwan famfo. Nan gabana ya faɗi. Da yamma na je aka zura mini wannan dogon tsinke mai auduga a hanci har sai da hawaye suka zubo, aka ce in koma gida in keɓe kaina kafin sakamako ya fito. Na kuwa keɓe, irin keɓewar maigida: na kwana a ɗakinmu, na ci abinci da yara, sai dai in tari ya zo in ɗan kawar da kai. Kwana biyu sakamakon ya yi kafin ya fito. Ku riƙe kwana biyun nan, zan dawo kansu.

"Shawarata, Malam, ka zo cibiyar killace masu cutar," in ji likitar. "Akwai gado."

Na ƙi. In zan faɗi gaskiya, dalilaina uku ne kuma babu mai kyau a cikinsu. Ina tsoron wurin, don labaran da ake bayarwa a lokacin duk na wanda ya shiga bai fito ba ne. Ina jin kunyar motar asibiti ta tsaya a ƙofar gidana maƙwabta suna leƙe. Kuma ina son gadona. Amma ba waɗannan na faɗa mata ba. Ilimi na ɗauko. Na ce na karanta rahoton da hukumar yaƙi da cututtuka ta Sin ta fitar a Fabrairun 2020 a kan mutum sama da 44,000 da aka tabbatar sun kamu: kashi 81 cikin 100 ciwonsu mai sauƙi ne, kashi 14 ya yi tsanani, kashi 5 ne kawai suka kai gargara. Na ce ni shekaruna 44, ba ni da wani ciwo, me zai sa in tare gadon da wani ya fi ni buƙata?

Ta bar ni na gama. Sai ta ce, "Lissafinka daidai ne. Amma lissafin kanka ka yi. Ina na Hajiya?"

Duk da haka ba ta tilasta mini ba. Ta ce mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, in na ce zan iya, za a gwada, bisa sharaɗi. Ta sa na ɗauko biro na rubuta. Ɗaki ni kaɗai, ƙofa a rufe, taga a buɗe dare da rana. Mutum ɗaya tak zai riƙa yi mini hidima, kuma kada ya zama Inna. Kwanona, kofina, cokalina, tawul ɗina, kada su haɗu da na kowa. In zan fito banɗaki, takunkumi a fuska, kowa ya ba ni hanya, bayan na gama in goge famfo da mariƙin ƙofa da ruwan bilic, kashi 1 bilic kashi 49 ruwa. Sauran mutanen gida su ma babu fita har kwana 14. Sannan ta ce in sa a sayo mini ma'aunin zafin jiki da ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa yana nuna yawan iskar oksijin a jini. In ya nuna 94 ko sama, babu laifi. In ya kai 92 ko ƙasa da haka, in kira ko da ƙarfe biyun dare ne.

"Ko da kana jin garau," ta ƙara. "Musamman ma in kana jin garau."

Ban fahimci wannan maganar ba a ranar.

Ɗakin da ke ƙurya, wanda muke tara tarkace, shi Maman Hanifa ta share ta shimfiɗa mini katifa. Ita ce kuma ta zama mutum ɗaya tak ɗin. Babu wanda ya tambaye ta, ni ma ban tambaye ta ba. Muka tsara: za ta ajiye tire a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa sau biyu, ta ja da baya, in na ji sawunta ya yi nisa in buɗe in ɗauka. In na gama in wanke kwanon a bokitin da ke ɗakin in turo shi waje, ita kuma ta sake wanke shi da ruwan zafi da safar hannu. Tufafina a leda, a ƙulle, ta wanke su daban ba tare da ta kaɗa su ba.

A takarda abin ya yi tsaf. A gida kuwa, banɗaki ɗaya ne ga mutum shida. Da asuba kowa na buƙatarsa lokaci guda, ni kuma zazzaɓi ya sa ina ɗirkar ruwa, ina fita sau takwas ko tara a yini. Kowace fita sai na yi kira daga ciki, Maman Hanifa ta kora yara ɗaki, ta tabbatar ƙofar Inna a rufe take, in wuce kamar ɓarawo, in goge, in dawo. Ita kuma ba ta yarda da gugata ba, kuma tana da gaskiya, mai zazzaɓi ba ya guga da kyau. Sai ta bi bayana ta sake. Kafin kwana biyu hannuwanta sun yi fari fat sun fara tsagewa saboda bilic. Ba ta faɗa mini ba. Babban ɗanmu ne ya turo mini hoton ta waya.

Inna kuwa ba ta taɓa amincewa da tsarin ba. Ɗanta na kwance a ɗaki taku goma daga nata, a ce kada ta gan shi? Sau biyu aka tare ta a hanya da kofi a hannu. "Ni na haife shi," take cewa, "cutar da za ta hana ni ganinsa ba a yi ta ba." Sai da na yi mata magana ta bayan ƙofa, na ce Inna don Allah, in kin shigo hankalina ne zai tashi. Ta ce to, amma daga ranar ta ajiye kujerarta a inda za ta riƙa hango ƙofar.

Wadda ba a iya yi wa bayani ita ce Hanifa, 'yar shekara huɗu. Takan kwanta a ƙasa ta zuro yatsunta ta ƙarƙashin ƙofa, tana motsa su, tana cewa, "Abba, kama." Ni kuma in zauna a bakin katifa ina kallon ƙananan yatsun nan, in ce Abba ba shi da lafiya, sai gobe. A rana ta bakwai da azahar barci ya kwashe ni, na manta ban murza makulli ba. Farkawar da zan yi sai na ji abu mai ɗumi a bayana. Ta shigo, ta hau katifar, ta yi matashi da kafaɗata, ta yi barcinta. Babu takunkumi a fuskata. Ihun da na yi ya firgita ta, ta fita da kuka, uwarta ta cafe ta sai banɗaki, aka wanke ta tun daga kai har ƙafa, kamar wanka zai fitar da iskar da ta riga ta shaƙa.

Daren ranar na ji Maman Hanifa ta yi tari a kicin. Sau ɗaya, busasshe. Na kasa kunne. Ta sake.

Rana ta takwas da safe zazzaɓina ya sauka, na ji jikina ya yi sakayau, har na fara tunanin an gama. Na maƙala abin yatsa don cika umarni kawai: 93. Na murza hannu ya yi ɗumi, na canza yatsa: 93. Da la'asar na je banɗaki na dawo na auna: 91. Na zauna minti biyar ya hau 92 ya tsaya. Kuma wallahi ba na jin komai, ba haki, ba sarƙewar numfashi, sai 'yar kasala. Na yi kusan awa ɗaya ina ciniki da na'urar, ina jan dogon numfashi don lambar ta hau, kamar ɗalibin da ke gyara makinsa. Daga baya na gane wannan ne abin da likitar take nufi. Cutar takan rage iskar jini a ɓoye, mutum yana hira yana dariya, kuma ta fi yin haka a mako na biyu, daidai lokacin da ake murnar zazzaɓi ya tafi. Wani abin kuma da sai bayan na warke na sani: a Disambar 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun nuna cewa wannan na'urar takan nuna lamba sama da ta gaskiya a baƙar fata, har ɓoyayyen ƙarancin iska ya kusa ninka na farar fata sau uku. Wato 92 ɗina ma ba lallai 92 ba ne.

Maman Hanifa ce ta yanke cinikin. Ta tsaya bayan ƙofa ta ce, da muryar da ta fara dishewa, "Abban Hanifa, nawa ya nuna?"

Na ce 92.

"To, ka kira. In ba ka kira ba ni zan kira."

Alfarma ɗaya na nema, kada a kunna jiniya. Suka zo bayan magariba, mutum biyu cikin fararen kayan kariya. Maƙwabtan da nake jin kunya duk sun gani, don babu yadda za a ɓoye irin wannan mota a layi. Ban damu ba kuma. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Inna a bakin ƙofar ɗakinta, babban ɗana ya riƙe mata hannu kada ta matso.

Cibiyar babban zaure ce da aka yi don wani abu daban aka jera mata gadaje, kowane da labule da lamba. An raba wurin gida uku. Inda muke shi ne ja, ba a shiga sai da cikakken kayan kariya. Akwai tsakiya inda ma'aikata ke tuɓe kayan ɗaya bayan ɗaya, wani na tsaye yana lura kada su yi kuskure. Sai wajen da babu cuta, inda muke hango su ta gilashi da fuskokinsu na mutane. A ciki kuwa ido kawai kake gani, shi ya sa kowannensu yakan rubuta sunansa da maka a ƙirjin rigar leda. Da shigata aka auna ni tun daga zafin jiki har bugun zuciya, aka ɗebi jini, aka saurari huhuna, aka sa mini siririn tiyo mai baki biyu a hanci. Iskar ta shigo da sanyi da bushewa. Cikin 'yan mintuna lambar ta koma 96, sai a lokacin na ji wani nauyi da ban san yana kaina ba ya sauka.

Suka fara ba ni deksametason, miligiram 6 sau ɗaya a rana. Na ce ai da an ba ni shi tun a gida da ban kai haka ba. Nas ɗin ta girgiza kai. Ta ce gwajin da Jami'ar Oxford ta jagoranta a Birtaniya, wanda aka bayyana a Yunin 2020, ya nuna yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da ɗaya cikin biyar ga masu shan oksijin, amma ga wanda bai kai buƙatar oksijin ba babu amfanin da aka gani. Maganin yana da lokacinsa, kuma sai da ma'auni ake sanin lokacin. Sauran aikin kuwa kwanciya ce ruf da ciki, awa biyu, a juya gefe, a koma. Mai tumbi irina ya san azabar wannan. Amma ina ganin lambar tana hawa da maki biyu ko uku duk lokacin da na kife, sai na daina ƙorafi.

Kada in yi wa wurin kwalliya. Fitila ba ta mutuwa. Tari daga gado talatin ba ya barin kowa ya yi barcin kirki, ga deksametason da ke hana ido rufuwa. Abinci yakan iso a huce don sai ya bi ta ƙofa uku. Banɗakunan sun yi kaɗan, kuma akwai ranar da ruwa ya ɗauke tun safe har azahar, muka yi ta magana babu mai amsawa. Wani lokaci ka danna ƙararrawa ka jira rabin awa, don kafin nas ta shigo sai ta shafe minti goma sha tana sa kaya. Kuma akwai kaɗaici iri na musamman a cikin taro, inda babu wanda ya taɓa ka da fatar hannunsa.

Gadon hagu da ni wani saurayi ne ɗan jami'a, lafiyarsa lau, ko tari ba ya yi. An kawo shi ne don su biyar suke kwana a ɗaki ɗaya. Shi kam a wurinsa kurkuku ne, kuma kullum yana kan waya yana tattara hujja. "Yaya," yakan ce mini, "a Turai da Amurka irina a gida ake barinsa. Me na yi aka tsare ni?" Da daddare, tun da ba mai barci, sai mu yi ta musu. Shi ne ma ya karanto mana labarin birnin Wuhan na Sin da nufin ya kafa hujja, labarin ya juya masa baya. Can ma da farko a gida aka bar masu ciwo mai sauƙi, sai cutar ta riƙa cin gida gida. Tawagar haɗin gwiwa ta Sin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gano cewa a lardunan Guangdong da Sichuan kashi 78 zuwa 85 cikin 100 na rukunin waɗanda suka kamu tare, 'yan gida ɗaya ne. Saboda irin wannan yaɗuwa a gidaje, a Fabrairun 2020 aka mayar da filayen wasa da zaurukan baje koli na Wuhan asibitocin wucin gadi, guda 16, suka karɓi mutum wajen 12,000, kuma zuwa 10 ga Maris an rufe su duka. A Daegu ta Koriya ta Kudu kuwa abin da ya tayar da hankali shi ne mutanen da suka mutu a gida suna jiran gado, sai aka buɗe cibiyoyin zama a gidajen horaswa da ɗakunan kwanan ɗalibai don masu ciwo mai sauƙi. Singafo ta yi haka da babban zaurenta na baje koli, saboda leburori baƙi da ke kwana a cunkushe.

"To ai ka gani," na ce masa. "Ba kai aka tsare ba. Su huɗun can aka tsare daga gare ka."

Ya ce ai ni ma da na san haka da ban kwana uku a gida ba. Na yi shiru, don yaron ya same ni.

Babbar nas ɗinmu, wadda kowa ke kira Sista, tana cikin waɗanda suka yi aikin sa kai a Saliyo lokacin Ebola. Ita ce takan raba mu. Ta ce cuta ce ke faɗin inda za a kwantar da mai ita, sannan gida ya faɗi nasa. Ebola, wadda ta kama sama da mutum 28,000 ta kashe sama da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo tsakanin 2014 da 2016, ta jini da amai da gudawa take bi, kuma wanda ke jinya shi ne na farko a layi. A can babu zancen zaɓi, barin mutum a gida tamkar miƙa mata mai jinyar ne. Korona kuwa mafi yawan masu ita za su warke da kansu, kuma in annoba ta yi ƙamari babu ƙasar da ke da gadon da zai ɗauki kowa. In ka cika cibiya da irin wannan yaron, ta nuna ɗan jami'ar, ranar da irin Baba ya zo ina za ka sa shi?

Baba shi ne na gadon dama, dattijo mai fara'a, wanda ya zo da ƙafarsa yana cewa 'ya'yansa ne suka matsa masa. A darena na uku, wajen ƙarfe uku, nas mai zagaye ta maƙala masa abin yatsa yana barci. Ina kallonta. Ta cire ta sake maƙalawa. Sai ta ɗaga hannu wajen gilashi ta yi wata alama. Kafin minti goma an kewaye gadon, an canza tiyon hancinsa da abin rufe fuska mai jaka, an turo gado mai taya. Shi kuwa yana ta cewa, "'Yata, lafiyata ƙalau, ku bar ni in yi barci." Aka wuce da shi asibitin da ke da sashen kulawa ta musamman. Bayan kwana biyar Sista ta ce mana yana samun sauƙi. Na daɗe ina tunanin wannan dare. A gida, ƙarfe ukun dare, wa zai tashi ya auna mutumin da ke barcinsa lami lafiya?

A rana ta biyu da zuwana aka je gida aka yi wa kowa gwaji. Maman Hanifa ta kamu. Inna ba ta kamu ba, yaran ma haka, har da Hanifa da ta yi matashi da kafaɗata. Na kira likitar nan ta farko, na ce laifina ne, da na zo cibiya tun ranar da ta ce da matata ba ta kamu ba. Ta ce in ƙirga da ita. Cutar takan ɗauki kwana biyar ko shida a jiki kafin ta nuna, kuma mai ita ya fi yaɗa ta daga kwana ɗaya ko biyu kafin alamu zuwa kwanakin farko na ciwo. Matarka ta fara tari a rana ta bakwai. Koma baya da kwana biyar. Na ƙirga, na faɗa daidai kan kwanakin da nake cewa mura ce, da kwana biyun da nake jiran sakamako a kan gado ɗaya da ita. Ta ce a binciken da aka tattara daga ƙasashe da yawa, kusan mutum 1 cikin 6 na 'yan gida ne ke kamuwa, amma tsakanin mata da miji abin ya haura 1 cikin 3. Ban ji sauƙi ba. Laifin dai ya tashi daga wannan rana ya koma waccan.

Maman Hanifa ita ma an yi mata tayin gado, ta ce a'a, kuma a wannan karon likitar ba ta ja ba sosai. Lambarta ba ta taɓa sauka ƙasa da 97 ba, kuma ta san ƙa'idojin fiye da ni, tun da ita ta yi aikinsu. Ta koma ɗakin ƙurya. Aka mayar da Inna amfani da bokiti da fo a ɗakinta don kada ta haɗa banɗaki da kowa, abin da ya kamata mu yi tun farko. Babban ɗanmu, ɗan shekara 15, ya zama mai tire. Ƙanwata takan kawo cefane ta ajiye a ƙofar gida ta juya. Ma'aikacin lafiya yana kiran Maman Hanifa safe da yamma ta karanta masa lambobi. Nata killacewar ta yi kyau, ba wanda ya ƙara kamuwa. Sai dai hutu ne ba ta samu ba. Daga bayan ƙofa take gudanar da gidan, da zazzaɓi a jikinta: an ba Inna maganinta na safe? an kashe gas? wa ya bar Hanifa ta fita ba takalmi? Ni a cibiya an ɗauke mini komai, har ruwan sha kawo mini ake yi. Ita a gida ƙofa kawai aka rufe mata.

An cire mini oksijin a rana ta goma sha biyu da fara ciwon. Tari ya lafa a ta goma sha huɗu. A ta goma sha bakwai likita ya ce in haɗa kayana. Na ce ba za a sake gwada ni ba? Ina son takardar da ta ce babu, in nuna a wurin aiki, in nuna wa maƙwabta. Ya ce tun Mayun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya ƙa'ida: kwana 10 daga fara ciwo, da ƙarin aƙalla kwana 3 babu zazzaɓi babu alamun numfashi, shi ke nan. Gwajin yana iya ci gaba da nuna akwai har makonni, don ɓurɓushin ƙwayar yake kamawa ko ta mutu. A Koriya ta Kudu an bi sawun mutum 285 da gwajinsu ya sake nuna akwai bayan sun warke, ba a sami wanda suka harba ba. In aka ce sai gwaji ya nuna babu, ya ce, gadon nan naka zai yi wata guda ba a ba wani ba. Aka ba ni takardar sallama, na yi wanka, na sa tufafin da aka kawo daga waje, aka goge wayata da sinadari, na bi ta ƙofar da ban taɓa bi ba. Ɗan jami'ar an sallame shi tun kafin ni, ya bar mini cajarsa.

Na isa gida da hantsi. Matakala uku na ƙofa sai da na huta a kansu. Inna ta riƙe fuskata da hannu biyu ta daɗe ba ta ce komai ba, Hanifa kuma ta ɓuya a bayan yayanta tana leƙe, sai da na durƙusa na miƙa mata yatsu na ce kama.

Saura kwana uku Maman Hanifa ta cika nata. Da azahar na karɓi tiren daga hannun yaron, na ce ya je ya huta. Na ɗauka ya fi haka sauƙi: ga kwano, ga kofi, ga takunkumi da ke zamewa, ga hannu da ke rawa. Na ajiye a bakin ƙofar ƙurya, na ƙwanƙwasa sau biyu, na ja da baya.

"Waye?"

"Ni ne."

Ta yi shiru kaɗan. Sannan na ji muryarta daf da ƙofa. "Abban Hanifa, ruwan bilic ɗin da ke bayan ƙofar banɗaki na jiya ne, ya huce. Ka zubar ka haɗa sabo. Murfi ɗaya, kada ka cika."